Gwiwar Don Evaristo da Keke Mai Batir

Dattijon da ake kira Don Evaristo Millaqueo makaniken motocin bas ne a Santiago, amma a gindin tsaunukan Peñalolén da shebur aka san shi. Tun yana da gashi yake hawa tsaunin da keke, kuma shi ya jagoranci ƙungiyar da ta yi shekaru tana lallashin masu filayen su buɗe wa 'yan keke turba. Duk ramin da ruwa ya haƙa, shi ke cikewa. Ɗan jarida bai taɓa leƙowa ba, don shebur ba ya kyau a hoto.

Da kekuna masu batir suka shigo, sai mujallu suka gano ashe akwai tsauni a bayan gari. Kowane shafi ga saurayi mai fararen haƙora yana haurawa ko gumi babu. Evaristo ya tashi haiƙan. A taron ƙungiya ya ce wannan babur ne ya yi shigar keke, kuma ranar da ɗaya ya banke mai tafiya a ƙasa, masu fili za su garƙame ƙofa su haɗa da kowa. Ya yi ta kiran gidajen talabijin, suna cewa za su neme shi.

Sai gwiwarsa ta ƙi, likita ya hana shi hawa. Ya zauna a gida yana koya wa matarsa Ximena yankan albasa. Da ta gaji, ta aro keke mai batir wurin ƙanenta, ta jingine a ƙofar kicin.

"Me wannan yake yi a gidana?"

"Kai yake jira, maigida. Ko ka hau, ko ni in hau in tafi gidanmu."

Ya hau ranar Talata, lokacin da 'yan ƙungiya ke wurin aiki. Abin haushi, ya ji daɗi. A can sama ya yi kiciɓis da 'yan talabijin ɗin da ya daɗe yana kira, sun zo ɗaukar shiri kan sabon yayi.

"Baba, yaya hawan?" wata 'yar jarida ta tambaya, ta miƙo masa makirfo.

"Gaskiya akwai daɗi, 'yata, amma..." Daga nan ya zazzage musu komai: zaizayar turba, gudun ganganci, fushin masu fili. Tana ta gyaɗa kai kamar zai kai ta kuka.

A labaran yamma kalmomi huɗu suka fito, an yanke kafin "amma". A ƙarƙashin fuskarsa an rubuta: kakan da batir ya maido wa ƙuruciya.

Lautaro, mataimakinsa a ƙungiya, ya bugo waya.

"Shugaba, ashe babur ɗin ya karɓe ka. Har da murmushi."

"Sun yanke maganata ne."

"Keken ma su suka ɗora ka a kai?"

A zaɓen da ya biyo baya Lautaro ya zama shugaba. Evaristo aka ba shi kujerar hulɗa da 'yan jarida, tunda shi kaɗai suka sani.