Dakashin da Iya Dije ta hana a zubar

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Iya Dije, yayar mahaifiyata, ungozomar garinmu Korgom, kuma abin da ta ƙare rayuwarta tana faɗa a kai har yau yana ci mini rai.

A wajenmu, mace ta haihu sai a tatse nonon farko, mai kaurin nan rawaya da ake kira dakashi, a zubar bayan ɗaki. Wai ƙazanta ne. Jariri ya yi kwana uku a kan jiƙo da nonon akuya. Zamanin soja aka kai Iya Dije likitar Tasawa, wato asibiti, koyon aiki, ta dawo da magana guda: bitamin da ke tsare idon yaro cikin maiƙo yake tafiya, dakashi kuwa cike yake da shi. Takan ce makiyayi ba ya hana maraƙi dakashin uwarsa, mu ne masu wayo.

Cikin fari na haifi Sani. Tsakin rabon agaji muke ci, ba man shanu, ba gyaɗa. Iya Dije ta ɗora mini shi a ƙirji, ta ja mini kunne kada in tatse. Tana fita, uwar mijina ta miƙo ƙoƙo, ni kuwa na tatse, don kunyar suruka ta fi mini tsoron Iya. Yana shekara biyu ƙyanda ta kama shi, idon hagu ya yi fari, bai dawo ba. Ban ce rashin dakashi kaɗai ba ne, yunwa ma ta yi nata. Iya ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.

Da za ta tashi yau, za ta ji rediyo yana maimaita maganarta, ta ga ana ɗiga wa yara bitamin a baki. Sannan ranta ya ɓaci, don a cikin ɗaki ba abin da ya sake.

Makon jiya matar Sani ta haihu a Kanan-Bakashe. Tsofaffi suka miƙo mini ƙoƙo, tunda yanzu ni ce uwar miji. Na kife shi, na sa yarinya ta ba ɗanta nono. Suka ce haka muka gada.

Na ce, "Ni ma na tatse. Ku je ku dubi idon ubansa."

Iya Dije ba ta bar mini gona ba, bakinta ta bar mini, sai dai na makara da buɗe shi. Ashe ranar haihuwar Sani yana tsaye bakin ƙofa, ya ji abin da ban taɓa faɗa masa ba. Tun ranar bai ce mini komai ba, ban da gaisuwa.