Hannun da Kawu Na'Allah Ya Ɗaure

Zaharaddeen ɗan kawuna ne, wato taubashina, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. A Ƙofar Kware aka haife shi, gidan mahauta, kuma bahago ya zo duniya. Mahaifinsa, Kawu Na'Allah, mutum ne da in ya kafe ko jaki sai ya sallama masa. Duk lokacin cin tuwo sai ya sa tsumma ya ɗaure wa yaron hannun hagu a ƙugu, har dama ta koyi kai loma baki. Da ita ya yi rubutu, da ita ya riƙe wuƙa a rumfar nama, hagu kuwa ta koma 'yar rakiya.

Yadda ɗan mahauci ya zama matuƙin jirgi labari ne mai tsawo: karatu, ɗan tallafi, da taurin kan da ya gada. Jirgin nasa ba irin na alhazai ba ne. Ɗan ƙarami ne mai kujera biyu, yana shawagi da shi a kan fadamu yana neman makwancin tsuntsayen jan-baki kafin su cinye wa manoma shinkafa. In ya wuce ta saman gari, kawu yakan ɗaga kai ya ce, "Ga shashashan can," yana ɓoye murmushi.

Bara waccan, a hanyar Arkilla, wani mai keke mai ƙafa uku ya kwashe shi yana kan babur. Kafaɗar dama ta karye, ta ɗoru, amma ba ta koma daidai ba. Yana iya riƙe cokali ko sitiyari. Jan abu mai nauyi sama shi ne ya gagara.

Ashe abincinsa a nan yake. Da muciya ya yi mini bayani a tsakar gida. A bayan fikafikan jirgi akwai wasu 'yan faifai, filaf suke ce musu, da ake saukewa su tare iska, jirgi ya rage gudu ya taɓa ƙasa a hankali. A jirginsa ba lantarki ke sauke su ba. Sandar ƙarfe ce kwance tsakanin kujerun biyu, kamar birkin hannu na mota, sai ka sunkuya ka ɗago ta da ƙarfin tsiya, iska na ja da kai. Matuƙi a hagu yake zama, saboda haka aikin na dama ne. Aka dakatar da izininsa na tashi, aka ce za a sake gwada shi. In ya kasa ɗago sandar nan, shi da sama sai kallo.

Wani tsohon malaminsa ya ba shi shawara ya koma kujerar dama, inda masu koyarwa ke zama. A can dama za ta riƙe sitiyari, hagu ta ja sanda. Ana cewa in hagu ta ƙiya a koma dama, shi nasa a juye ya zo.

Na ce masa, "To mi kaka jira? Ba kai bahago na ba?"

Ya dubi hannun nasa na hagu. Can ya ce, "Balkisu, hannun ga ya mance ni. Kuma dut sadda nim miƙa shi, muryar Baba nika ji."

Ranar ban tsokane shi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin kawu kuma ya fi tausayin yawa. Da yake bakina ba ya ajiya, na je na juye wa kawu maganar duka. Ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Washegari ya aika aka kira Zaharaddeen rumfa. Ya nuna masa cinyar saniya a kan teburi, ya nuna ƙugiya a sama, ya ce, "Rataya." Zaharaddeen ya miƙa dama. Kawu ya buge ta, ya ce, "Ba wagga ba."

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce. Kowace safiya matuƙin jirgi na rataye nama da hagu, mahauta na yi masa tsiya, kawu na gefe fuska a murtuke kamar ba shi ya kira shi ba. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban sa ran zai faɗa ba.

Ranar gwaji Zaharaddeen ya zauna a kujerar dama, ya ɗago sandar da hagu, ya sauke jirgin lafiya lau. Aka mayar masa da izinin tashi.

Da ya dawo, ya durƙusa gaban kawu a zaure, ya tallabo damarsa zai miƙa gaisuwa kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Kawu ya kauce mata. Ya kamo hagun, ya juya, ya daɗe yana shafa wuyan hannun da babban yatsa, daidai inda tsumman yake zama.

"Wanga na nika ɗaurewa?" in ji kawu.

"Shi na, Baba."

Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon fura, na kasa shiga. Kawu bai saki hannun ba har aka kira la'asar.