Na Gyara Masa Abin da Bai Lalace Ba

Edita, a shekarun da aka ba mu jihar Zamfara ni matashi ne mai gyaran rediyo a Kaura Namoda, shagona ɗan ƙarami kusa da tashar jirgin ƙasa. Ina da hannu, wannan ba yabon kai ba ne, amma ina da wani ciwo: ba na iya ganin aiki in bar shi yadda yake. Ko rediyon da aka kawo don eriya sai na leƙa cikinsa.

Ina da aboki ɗan Zurmi, ɗan gidan malamai, wanda ya fara da kiɗan garaya a ɓoye, daga baya ya sayi jita wurin wani ɗan Nijar. Wata rana ya zo ya ce yana son in haɗa masa ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa, mai sauya muryar jita kafin ta shiga lasifika. Na haɗa masa a cikin gwangwani, da kayan matattun rediyoyin da nake tsintowa a kasuwar Shinkafi. A ciki akwai kondensa biyu da sauti ke ratsawa. Su kondensa iri-iri ne: akwai na tangaram, faifaye kamar ƙwayar magani, su ne masu araha, akwai koraye masu sheƙi, akwai masu kama da ƙaramin batir. Ko lambar jikinsu ɗaya ce, ba lallai su ba da murya ɗaya ba. Na tangaram ne a hannuna ranar, su na sa. Da ya taka, sai jitar ta fito da wani kaushi mai tsini, tana zuza. Ni na yamutsa fuska, shi kuwa dariya ta kama shi, ya ce ga garayarsa ta dawo. Da wannan muryar aka san shi a bukukuwa daga Sakajiki har Galadi. Mata kan ce tun daga bakin gari suke gane shi ne.

Da aka soma maganar ƙaddamar da Shari'a, mahaifinsa ya kira shi. Bai yi masa faɗa ba, ya dai roƙe shi ya ajiye kiɗa. Abokina ya amsa, amma ya nemi alfarma ɗaya, a bar shi ya yi wa ƙanwarsa kiɗan bikinta, a ɗauka a kaset, daga nan shi ke nan. Tsohon ya yarda. Ana saura 'yan kwanaki ya kawo mini akwatin, ya ce makunnin ne ke sargewa, shi kaɗai zan duba.

Gyaran makunni bai ɗauke ni lokaci ba. Amma da na ga kondensan nan biyu, sai kunya ta kama ni, don a lokacin na ƙara wayewa, ina ganin aikin ɗan koyo ne. Na ce a raina kiɗan ƙarshe ai ya cancanci kaya masu kyau. Na narkar da dalma na cire su, na sa koraye masu lamba ɗaya. Na gwada da ƙaramar lasifikar shago, sauti ya fito sumul, mai taushi, irin na kaset ɗin waje. Na ji daɗi ƙwarai. Da ya zo karɓa yana sauri, mota na jiransa, ban faɗa masa ba, wai ina so ya ji da kunnensa ya gode mini.

Ranar bikin a Zurmi, bayan la'asar aka kafa lasifika mai ƙaho a ƙofar gida, ina tsaye gefe ina jiran yabo. Ya taka akwatin, ya kaɗa. Sai na ga ya dubi ƙafarsa, ya sake takawa. Taushin da ya burge ni cikin shago, a fili ya zama gunji kawai, kalangu ya danne shi. Tsinin nan da ke huda hayaniya ya kai bayan gari babu shi. Wata tsohuwa kusa da ni ta tambaya ko baƙon makaɗi aka ɗauko. Ya ɗago ya nemo ni da ido cikin jama'a, ni kuwa na sunkuyar da kai. Kayan aikina da tsofaffin kondensan na baro su a Kaura. Haka ya daure ya kai ƙarshe, na'ura na ɗauka.

Bayan an watse na faɗa masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce sautin yana da daɗi, sai dai na wani ne. Na roƙe shi ya bari in mayar da su, mu sake ɗauka ko cikin shago ne, ba wanda zai sani. Ya ce shi zai sani, kuma ya riga ya gaya wa tsoho yau ce ta ƙarshe.

Yanzu direba ne a hanyar Shinkafi, muna gaisawa lafiya lau, har yakan tsokane ni da mai gyaran gangar Abzinawa. Amma ƙanwar ta taɓa gaya mini 'ya'yanta sun saurari kaset ɗin, suka ce ba su ga abin da ake zuzuta kawunsu a kai ba. Na kwana biyu da wannan magana a zuciya.

Abin da na koya shi ne, kunnena ba shi ne ma'auni ba, kuma abin da kake gani aibi wataƙila shi mai abu yake ƙauna. 'Yan'uwana masu aikin hannu, in an kawo muku gyara ku tsaya inda aka nuna muku, in kun ga wani abu ku tambaya tukuna. Kondensan nan biyu suna nan cikin kwalin ashana a shagona, lafiyarsu lau, amma jitar da za su yi wa magana an ajiye ta.