Malam Sodangi Mode, Malamin Fata na Ƙofar Dundaye (1939–1997)

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Sodangi a unguwar Ƙofar Dundaye ta birnin Sakkwato a shekarar 1939, wadda ta yi daidai da 1358 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Mode, manomin shinkafa a fadamar gulbin Rima, mahaifiyarsa kuwa Bara'atu, wadda unguwa ta sani da kiwon jajayen awaki. Su bakwai aka haifa a ɗakin, huɗu suka rasu kafin yaye, kuma a cikin ukun da Allah ya raya shi kaɗai ne namiji. A gidansu akwai al'adar da ba a wasa da ita tun kaka da kakanni: idan uba ya rasu, babban ɗansa namiji ne ke sauka kabari ya karɓe shi, ya daidaita masa kwanciya da hannunsa.

Neman ilimi

Ya fara karatun Alƙur'ani a zauren unguwarsu yana ɗan shekara biyar. A 1947 aka sa shi elemantare ba da son ran Mode ba, wanda yake ganin an raba shi da mai korar tsuntsaye ne kawai. Ya wuce midil a 1951. Malamansa sun shaide shi da ladabi da haƙuri, amma babu wanda ya taɓa zarginsa da fice a lissafi, Turancinsa kuwa har ya koma ga Allah da Sakkwatanci a cikinsa. A 1957 aka tura shi Kaduna makarantar koyon aikin dabbobi, sashen fatu da ƙiraga, ya kammala bayan shekara biyu.

Aiki da iyali

A 1959 En'e ta ɗauke shi a matsayin malamin fata. Aikinsa shi ne zagaya mayanka da kasuwanni yana koya wa mahauta fiɗa ba tare da wuƙa ta ci fata ba, yana hana shanya a ƙasa cikin rana, sannan ya tantance fatun ya buga musu hatimi kafin dillalai su ɗaure su zuwa bakin teku. Fatar jar akuyar Sakkwato a lokacin tana da daraja a kasuwannin Turai, shi kuwa Allah ya ba shi baiwa a yatsu: yana shafa fata sau ɗaya zai faɗi inda ƙaya ta taɓa kartar akuyar tana da rai. Abokansa na ofis masu fararen riguna sukan ce ana jin zuwan Sodangi tun kafin a gan shi, bai kuwa taɓa musanta wannan ba.

A 1962 ya auri Rahmatu, ɗiyar wani majemi na Ƙofar Atiku, wadda ta tashi cikin warin jima, saboda haka ba ta ga abin ƙorafi ba. Ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa. Sun haifi Dijatu a 1963, Jibrin a 1966, Bawa a 1968, Dodo a 1970, sai Sadiyatu a 1973. A bazarar 1972 ƙyanda ta shiga unguwar, ta ɗauke Bawa da Dodo a mako guda. Wannan rashi ya taɓa shi ƙwarai, kuma bai warke daga gare shi ba. Jibrin ya zama shi kaɗai ne ɗansa namiji.

Babban amininsa a wurin aiki shi ne Habila Markus, Kirista ɗan asalin ƙasar Filato, wanda mahaifinsa ya zo Sakkwato aikin kafinta. Tebur ɗaya suka raba tun 1964.

Zaman Ingila

A 1975, lokacin da arzikin man fetur ya tumbatsa, gwamnatin soja ta Jihar Arewa maso Yamma ta shiga tura ma'aikata ƙasashen waje ƙaro ilimi, har rabon ya kai ga masu warin fata. Aka tura Sodangi da Habila wani gari na majema da maɗinka takalma a tsakiyar Ingila, domin karatun shekara biyu haɗe da aiki a wata masana'antar jima.

A makonsa na uku ya tarar da wata dilar fatu a sito ɗauke da hatiminsa, wanda ya buga da hannunsa a Sakkwato. Ya bi fatun nan daki-daki har suka zama safar hannu a wani kanti, inda ya ga farashin safa ɗaya ya ɗara na akuyar da ranta, har da 'ya'yanta. Ya daɗe tsaye gaban gilashin yana tunanin Bara'atu da awakinta.

Sai dai ba kantuna ne suka fi tsaya masa a rai ba. Ya ga mai sharar masana'anta yana da firji da famfo mai ruwan zafi a gidansa, kuma likitan da ke duba mai masana'antar shi ke duba mai sharar. Ya ga ana ajiye kwalaben madara a ƙofofin gidaje da safe babu mai taɓawa. Ya je barka asibiti, aka nuna masa bakwainin wani lebura a cikin kwalba, yaron da a Ƙofar Dundaye da tuni an yi wa uwarsa ta'aziyya. Da ya tambayi abokan aiki yawan yaran da ƙyanda ke kashewa a unguwarsu, sai suka yi ta kallon juna, aka rasa wanda ya san ko ɗaya. A ranar ya kasa cin abinci.

Bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba a wasiƙunsa. Ya rubuta cewa sanyin ƙasar ba ya jin magana, cewa gidaje uku suka ƙi ba su haya bayan an ga fuskokinsu, kuma ya shekara yana gaida maƙwabcinsa kullum safiya ba tare da mutumin ya tambayi sunansa ba. Ya ziyarci gidan da ake tara tsofaffi, ya same shi tsaf-tsaf, ga abinci ga magani, amma kowane tsoho idonsa na kan ƙofa. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne: ƙasa ce mai kyau ga jariri, mai wuya ga tsoho.

Wasiƙar Mode

A farkon 1977 masana'antar ta yi musu tayin aiki na dindindin, da izinin kawo iyali, domin ba su da mai tantance fatun Afirka kamar su. Habila ya karɓa a ranar. Sodangi ma zuciyarsa ta karkata, saboda yana son Jibrin da 'yan uwansa mata su tashi inda ciwon yara ba ya zama ajali. Amma ɗa ba ya yanke irin wannan shawara sai da iznin uba, saboda haka ya rubuta wa Mode shafi huɗu, ya zayyana asibiti da makaranta da ruwan famfo.

Amsar ta iso bayan mako biyar. Mode bai iya boko ba, mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ya yi wa shifta, shi kuwa ya rubuta yadda aka faɗa masa. Bayan gaisuwa mai tsawo da labarin damina, magana ɗaya ce a ciki: "Kai ab babba, kai kaɗai al namiji. In ka zamna can, wa za shi sa ni kushewa?"

Sodangi bai sake rubuta komai a kan batun ba. Ya ba masana'antar haƙuri, ya sauka Sakkwato a watan Satumba na 1977.

Komowa gida

Ya tarar da gari ya sauya. Ko'ina siminti da sababbin motocin Fijo, kasuwa cike da shinkafar waje yayin da ta fadamar Mode ke neman mai saye. Ma'aikata sun sayi firji kafin wuta ta zauna, sun kafa famfo amma 'yan ga-ruwa ke cika musu randa. Samari sun bar mayanka sun koma kwangila, fatar da ya je koyon darajarta babu mai waiwayarta. Ya rubuta wa magabatansa rahotanni goma sha ɗaya a kan yadda za a riƙa jeme fata a gida a sayar da ita gyararriya, aka yaba da kyawun rubutunsa, aka sa a durowa.

Mode kuwa, wanda ya kira ɗansa gida saboda kabari, Allah ya yi masa tsawon rai. Shekara goma sha huɗu ya ƙara yana zuwa fadama da ƙafarsa, yana cin tuwo malmala biyu. Rahmatu takan tsokani mijinta da wannan idan suna su biyu, shi kuwa sai ya yi murmushi kawai. Babu wanda ya taɓa jin ya yi da-na-sani a fili, ko da yake hotunan da Habila ke aikowa, na gidansa da 'ya'yansa cikin kayan makaranta, ya kan daɗe yana dubansu. A 1991 Mode ya rasu. Sodangi ya sauka kabari ya karɓe shi, ya cika abin da ya dawo dominsa.

Tafiyar Jibrin

Kafin nan arzikin mai ya ja baya, soja sun dawo mulki, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986. Albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, asibitoci suka koma rubuta wa majinyaci takarda ya je ya nemo magani. Jibrin ya gama digiri a fannin kimiyyar sinadarai a 1988, ya yi hidimar ƙasa, ya zauna babu aiki. A 1990 Habila ya samar masa gurbin ƙaro karatu a Ingila. Jibrin ya kwana uku yana shirya yadda zai nemi izni, sai mahaifinsa ya riga shi: ya kira shi zaure, ya miƙa masa tsohuwar rigar sanyinsa, ya sa masa albarka. Dangi sun yi surutu, suna tunatar da shi cewa ɗa namiji ɗaya gare shi. Ya ce ya sani.

Jibrin ya gama karatu, ya sami aiki a wani kamfanin magunguna, aka ɗaura masa aure a Sakkwato aka kai masa matar a 1994. Sun haifi 'ya'ya biyu, waɗanda kakansu bai taɓa gani ba sai a hoto.

Jinya da rasuwa

Malam Sodangi ya yi ritaya a 1994. Shi da Habila duk sun kamu da hawan jini a kusan lokaci ɗaya. Na Habila an gano shi da wuri a binciken da ake yi wa ma'aikata duk shekara, ya ci gaba da harkarsa da ƙwaya ɗaya kowace safiya. Na Sodangi ba a gane shi ba sai da ya taɓa ƙoda, a farkon 1997.

A daidai wannan lokaci takardun zaman Jibrin na dindindin suna gaban hukumar ƙasar, fasfonsa ma yana hannunsu, kuma ya rubuto cewa idan ya janye shi ya fita kafin a gama, neman ya rushe, mai yiwuwa iyalin duka su tattaro. Da jiki ya tsananta a watan Yuli, Rahmatu ta shirya zuwa gidan waya domin ta sanar da Jibrin. Tana da gaskiya, domin kowa ya san Jibrin ba zai ƙara kwana ba idan ya ji. Malam Sodangi ya tara ta da 'ya'yansa mata, ya hana a sanar da shi har sai takardun sun fito, ko da rai ya yi halinsa. Dijatu ta ambaci al'adar gidan tana kuka. Abin da ya ce mata kaɗan ne: "Ku ƙyale shi shi zamna da ɗiyanai. Komowa guda ta ishe gidan ga."

Wasiƙarsa ta ƙarshe ga Jibrin ya rubuta ta a kwance, ya cika ta da labarin ruwan sama da tsadar gero.

Allah ya yi masa rasuwa da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta 1997, cikin watan Rabi'us Sani na 1418, yana da shekara hamsin da takwas. An yi masa salla a ƙofar gidansa bayan Azahar, aka binne shi a maƙabartar unguwa. Da aka sauke makara aka yi ɗan jim, jama'a na duban juna, sannan wasu tsofaffin mahauta biyu da ya koya wa fiɗa suka tuɓe takalma suka sauka. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Ya rasu ya bar matarsa Rahmatu da 'ya'ya uku. Dijatu, malamar firamare, tana aure a Gidan Dahala. Sadiyatu, ungozoma, tana Ƙofar Atiku. Sai Jibrin, wanda takardunsa suka fito a watan Nuwamba, washegari Habila ya je har gida ya faɗa masa rasuwar, ya yi masa ta'aziyya. Jibrin ya iso Sakkwato a Disamba, ya wuce maƙabarta kafin ya shiga gida. Kaburburan wurin ba a sa musu alama, damina kuma ta bi ta kansu. Mahautan nan biyu suka raka shi, ɗaya ya nuna nan, ɗaya ya nuna can, sai ya tsaya tsakanin wuraren biyu ya yi addu'a.