Baba Lauje da Ciyawar Gindin Famfo

Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne, yanke ciyawar gefen titi, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Lauje. Mutum ne mai sanyin hali, amma hannunsa na dama ba ya jin magana. Ko gaisuwar mutuwa ya je, yana "Allah ya jiƙan rai" hannun na ƙasa yana tuge ciyawar masu gida.

Da ya ajiye aiki, wata safiya yana wanke ƙafa a gindin famfon tsakar gida, sai ya ga wata 'yar ciyawa ta leƙo daga tsagin siminti, da ƙullin fure a kanta kamar ƙwayar wake. Ya san ta sarai, ya sare dubunnan irinta. Sai a ranar ya tuna bai taɓa barin ko ɗaya ta buɗe ba. Abin ya tsaya masa a rai, ya rantse sai ya ga furen nan da idonsa.

Aka shiga uku a gidan. Ya kifa wa ciyawar karyayyar kujera don rana. Ya yi wa akuyar maƙwabta shari'a a tsaye, har da gargaɗin ƙarshe. Ya hana wanki a famfon, wai kumfa zai shiga idon baƙuwa.

"Malam, ciyawa ce fa," in ji matarsa.

"Ke dai ki yi ta nan da bokitinki. Kin taɓa ganin furenta?"

"Ina zan gani, kana raye?"

Ranar da ƙullin ya fara tsagewa, Baba ya kira maƙwabcinsa tela ya zo shaida. Suka tsuguna. Kafin fure ya buɗe hira ta ɓarke a kan tsadar zare, Baba ya ɗau zafi yana kawo hujja. Yana cikin "wallahi a zamaninmu" sai tela ya yi salati.

Baba ya duba. Ga ciyawar a hannunsa na dama, har da saiwa, ya ma karkaɗe mata ƙasa yadda ya saba.

Ya zauna daɓas a cikin ruwan famfo. Matar ta yi dariya har ta riƙe bango, amma da ta ga idonsa ya kawo ruwa sai tausayi ya kama ta. Ta karɓe ciyawar, ta tsoma a kofin shayinsa, ta ajiye a taga.

Da hantsi furen ya buɗe. Bai fi maɓallin riga ba: tsakiya rawaya, 'yan fararen ganye kewaye da ita, ɗaya ma a karkace.

Baba ya daɗe yana kallo, ya danne hannun dama a ƙarƙashin cinya.

"Ashe haka kuke," ya ce a hankali. "Ku yafe ni."