An Cire Munzali Saboda Rigar Ɗan Barto

An hana Munzali Abbas shiga gwajin 'yan ƙwallo a Daura, wai shi ɗan Nijar ne. Mutanen da wani kulob na ƙwararru ya turo su zaɓi 'yan wasa ko ƙafarsa ba su kalla ba.

A Kongolam, nan bakin iyaka ta ɓangaren Najeriya, aka yanke cibiyar Munzali. Ubansa dillalin awaki ne, kuma wajen tare awakin da suka ɓalle ran kasuwa ya koyi gudu. Da ya shiga kwaleji a Daura sai ya zama lamba bakwai ɗinsu, mai bin gefen fili. A ɗago masa ƙwallo daga tsakiya, da ƙirji zai tare ta yana cikin gudu. Hagunsa ce dai ba ƙarfi, kuma in ya ji ana masa tafi yakan manta da abokan wasa. Wannan kuwa aikin koci ne.

To ta ina Nijar ta shigo? In ƙungiyar Ɗan Barto, can tsallaken iyaka, ta rasa mutum, daga Kongolam take aro, su ma 'yan Kongolam can suke arowa. Kowa ya san haka. Bidiyon da abokansa suka tura wa baƙin, ranar aro aka ɗauke shi, yana sanye da rigar Ɗan Barto. Shi ke nan suka yanke hukunci.

Ya same su a bakin fili, takalmansa rataye a wuya.

"Yallaɓai, aro na aka yi ranar."

Babbansu ya dube shi sama da ƙasa. "Samari, 'yan ƙasa aka ce mu ɗauka. Je ka Damagaram su gwada ka."

"Ni da ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba?"

Kocinsa Amadu ya sa baki: "Alhaji, in riga ke canza ƙasa, ai rabin Daura Turawa ne."

Aka yi dariya, amma ba su sa shi ba. Munzali ya koma gefe yana buga ƙwallo a bango da hagu. Bana yake gama kwaleji, gwajin kuwa na ɗalibai ne, in an rufe ɗauka damar ta wuce shi ke nan.

Ku masu zaɓen nan, ku dawo Daura kafin a rufe. Ku haɗa shi da ɗan bayan da kuka fi ji da shi. In ya kasa, ku gaya masa a fili, gaban jama'a.