Matar Da Ta Sauke Yayana Daga Mota

Kullum kafin ta kira mutum na farko, sai ta goge ƙwan fitilar ɗakin gwajin ido, ta ja labule, sannan ta yaye ƙyallen da take rufe allonta da shi. Haruffan allon nan girmansu ɗaya, sai dai na sama baƙaƙe ne wuluk, suna dusashewa layi bayan layi har su kusa ɓacewa. Da shi take auna yadda ido ke bambanta abu da abin da ke bayansa. Anti Ƙara-duba ake ce mata a asibitin, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Yayana direban motar 'yan makaranta ne, bakinsa ya fi motar gudu. Ranar da na raka shi gwaji, ya karance allon da kowa ya sani har ƙananan haruffan ƙasa, yana ta hura hanci. Da aka zo kan nata, a tsakiya ya cije.

"Anti, ai nan babu rubutu," in ji shi.

"Akwai. Ƙara duba, ba sauri muke ba."

Ya ƙura ido, ya kasa karanta layin. Ni kuwa ina ganin haruffan sarai.

Ta ce, "Ɗan'uwa, yanar ido ce ta fara. Da rana garau kake gani. Amma in ana ruwa, yaro mai riga ruwan toka ya shigo titi, sai ka zo kansa za ka gan shi."

Ya yi faɗa, ya dawo magiya, ya ce da me zai ciyar da iyali. Ta saurare shi har idonta ya kawo ruwa, amma ta ƙi cewa ya dace da tuƙi. Ita ta nema masa ganin likita, ta addabi yayan nawa da waya har aka yi masa aikin idon. Da ya warke ya dawo, ya karanta har kusa da ƙasa, ta ce ya je ya ɗauki makullin motarsa.

Ke ce mai tsayawa kan gaskiya, Anti, kin gwammace a ji haushinki da a yi kuka. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku da za ku gaje ta, kada dogon layi ya sa ku bar allon nan a rufe. 'Yata tana cikin motar nan kowace safiya, a kujerar da ke bayan direba.